Takardun Gwamnati Bayan An Buɗe Su: Na Wa Ne?

A shekarar 2022 ƙasashe biyu suka buɗe tsofaffin takardun ƙidayar jama'arsu, kowace da irin tata hanya. A watan Janairu, gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew ya saki ƙidayar Ingila da Wales ta 1921, mai ɗauke da sunayen mutum kusan miliyan 38. Sai dai kamfanin Findmypast ne ya ɗauki hotunan takardun, don haka mai son ganin shafin gidan kakansa a intanet sai da ya biya fam uku da rabi. Kyauta kuwa sai wanda ya taka har Kew ko Manchester ko Aberystwyth. Ranar 1 ga Afrilu Amurka ta fito da tata ta 1950, ba ta karɓi ko sisi ba.

Buɗe takarda daban, ba da izinin sake amfani da ita daban. Wanda aka bari ya leƙa shafi ɗaya ya san kakansa. Wanda aka bari ya kwashi dukkan bayanan, ya haɗa su da taswira ko rajistar haihuwa, shi ne zai iya gano yadda wata unguwa ta cika ko ta watse. Da Amurka ta saki hotunan kyauta, shafukan binciken asalin iyali na Ancestry da FamilySearch suka ɗauka, suka haɗa manhajar karanta rubutun hannu da 'yan sa-kai, suka tsara jerin sunayen da ya fi na gwamnatin kanta inganci. Hujjar sakin takardun kyauta a fili take: da kuɗin haraji aka yi ƙidayar, kuma tilas doka ta sa mutane suka amsa tambayoyin. Sayar wa jikokinsu amsoshin kamar karɓar kuɗin kaya sau biyu ne. Ita kanta Birtaniya ta yarda da wannan tun 2010, lokacin da ta ƙirƙiro lasisin da ya ba kowa damar kwafar bayanan gwamnati, har don kasuwanci, muddin ya ambaci tushensu.

Masu suka za su ce ɗaukar hoton miliyoyin shafuka masu rauni ba aikin banza ba ne, kuma suna da gaskiya: Findmypast ya shafe shekara uku a kai, gidajen tarihi kuwa ba su cika samun kaso mai tsoka a kasafi ba. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2003 kan sake amfani da bayanan gwamnati ta tsallake su baki ɗaya. Da aka shigar da su a gyaran 2013, an bar musu damar caji, an kuma yarda kamfani ya riƙe hotunan shi kaɗai, amma galibi kada ya wuce shekara goma, kuma gidan tarihin ya samu kwafinsa kyauta. Wannan sulhu ne mai ma'ana, matuƙar wa'adin na gaskiya ne. Lamarin 1921 ya fi nauyi ma, domin takardun ƙidayar 1931 sun ƙone a gobarar 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi.

Batun sirrin mutane an riga an warware shi da jira: shekara 100 a Birtaniya, 72 a Amurka. In wa'adin ya cika, sirri ya daina zama dalilin kulle takarda. Haɗin gwiwa da kamfani ya halatta, amma duk yarjejeniyar da ba ta faɗi ranar da hotunan za su koma hannun jama'a ba, bai kamata gidan tarihi ya sa mata hannu ba.