Gidajen mai da aka yi watsi da su: abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ta Damagaram zuwa Magarya, ko ya ratsa Birnin Ƙonni, ba zai rasa ganin gidan mai da ya zama kango ba: famfo ya yi tsatsa, rumfa ta karkace, awaki na kwance inda motoci ke jeruwa a da. Wurare ne masu daraja, bakin kwalta, kusa da tasha ko kasuwa. Shi ya sa ƴan kasuwa ke sa musu ido, suna lissafin shaguna ko gidan abinci. Sai dai kafin a fitar da kuɗi, akwai abin dubawa.

Dalilin mutuwar waɗannan wurare sananne ne. Shekaru da dama Najeriya na tallafa wa farashin mai, ga kuma faɗuwar naira tun daga 1986, sai man da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wanda ake kira ruwa-ruwa, ya fi na famfo araha nesa ba kusa ba. Mai gidan mai da ke sayen kaya daga SONIDEP, yana biyan haraji da albashi, ba ya iya gasa da yaro mai kwalba da mazurari. Buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011, mai tace ganga 20.000 a rana, bai kawar da wannan giɓi ba. Sai a watan Mayu na 2023, da Najeriya ta janye tallafin, lissafi ya juya, masu motoci suka koma famfo, tsofaffin filayen kuma suka sake samun masu nema.

Matsalar tana binne. Kowane gidan mai yana da tankunan ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa, kowanne na ɗaukar dubban litoci. In an rufe wurin, ba a cika kwashe su tas ba. Sauran mai da laka sukan zauna a gindi, tururinsu ya cika tankin. Wannan tururi ya fi man kansa haɗari, domin tartsatsin mai walda ɗaya ya isa ya tarwatsa wurin. Ƙarfe kuma yana ruɓewa a cikin ƙasa mai danshi, ya huje, mai ya riƙa tsiyaya ba wanda ya gani. A cikin fetur akwai sinadarin benzin mai haddasa kansar jini, kuma gidajen da suka yi aiki kafin 2006 sun sayar da mai mai gubar dalma. A kwarin Gulbin Maraɗi da yankin Korama, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, wannan tsiyaya tana iya kaiwa rijiyoyin unguwa da lambunan rani.

Gyaran yana da matakai. Ana tsotse sauran man, a wanke tankin, a fitar da tururi, sannan a haƙo shi. In haƙowa ba ta yiwuwa, a cika shi da yashi ko kankare. Bayan haka a ɗebi ƙasa da ruwa a auna, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Aiki ne na gwanaye, kuma kuɗinsa kan iya zarce darajar filin. Nan ne gardama ke tashi: wa zai biya? Kamfanin da ya binne tankin wataƙila ya bar ƙasar, ɗan kasuwar da ya yi hayar wurin ya karye, filin kuma ya faɗa hannun magada.

Ba mu kaɗai ne ke fama da wannan ba. A Faransa gidajen mai sun ragu daga kusan 47.000 a 1975 zuwa wajen 11.000, saboda manyan kantuna sun karya farashi, dubban filaye suka zama kufai. A Amurka, an kafa asusu a 1986, ana cire ɗan ƙaramin haraji daga kowane galan don share tankunan da ke yoyo, aka kuma ba masu gidajen mai wa'adi zuwa Disamba 1998 su sabunta tankunansu ko su rufe. A nan Nijar, dokar kare muhalli ta 1998 ta ɗora nauyin gyara kan wanda ya gurɓata, amma doka ba ta kama wanda ba a san inda yake ba.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ke son irin wannan fili ya nemi sanin tankuna nawa ne a ciki, ya sa a auna ƙasa kafin ciniki, a rubuta a takardar sayarwa wanda zai ɗauki nauyin sharewa. Wurin ajiyar motoci, gareji ko rumbun kaya sun fi dacewa da shi bisa ga makaranta ko gidan kwana, kuma kada a haƙa rijiya a ciki. Su kuwa ma'aikatan magajin gari da na muhalli, aikin farko shi ne ƙidayar waɗannan wurare gari-gari, a hana ba da izinin gini sai an nuna shaidar cire tanki. Rigakafi ya fi magani: kwalta da siminti suna rufe tanki, amma ba sa hana mai isa rijiya.