Matthew Perry: Hafsan da Ya Buɗe Ƙofar Japan

Ɗalibi, idan maƙwabcinka ya rufe ƙofarsa ya ce ba ya bukatar baƙi, kana da ikon tilasta masa ya buɗe? Riƙe wannan tambaya a zuciyarka yayin da kake karanta tarihin Matthew Perry, wani babban hafsan sojan ruwa na Amurka.

An haifi Perry a shekarar 1794 a jihar Rhode Island. Mahaifinsa da yayansa duk sojojin ruwa ne, shi ma ya bi sahunsu a 1809. A lokacin, iska ce ke tura jiragen yaƙi. In ta tsaya, jirgi ya tsaya. Perry ya dage cewa a koma ga jirage masu aiki da tururi, domin su suna tafiya ko da iska ko babu. Saboda haka ake yi masa laƙabi da uban jiragen yaƙin tururi na Amurka.

Aikinsa ya kawo shi Afirka ta Yamma. A 1843 an ba shi jagorancin jiragen Amurka masu sintiri a gaɓar tekunmu don hana fataucin bayi. Sai dai ka sani, a wannan shekarar ya ƙona wasu ƙauyukan bakin teku, domin ramuwa kan kisan da aka yi wa wasu matuƙa Amurkawa.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne tafiyarsa Japan. Fiye da shekara 200 ƙasar tana rufe. Daga cikin Turawa, mutanen Holan kaɗai aka yarje wa ciniki, su ma a garin Nagasaki kawai. Amurka kuwa tana son tashoshin da jiragenta za su sami kwal da ruwan sha, tana kuma son a riƙa kyautata wa matuƙanta idan jirginsu ya yi haɗari.

Ranar 8 ga Yuli, 1853, Perry ya isa kusa da birnin Edo, wato Tokyo ta yau, da jiragen yaƙi 4. Japanawa suka kira su baƙaƙen jirage. Ya ƙi ganawa da ƙananan jami'ai, ya ƙi komawa Nagasaki kamar yadda aka umarce shi, har sai da aka karɓi wasiƙar Shugaba Millard Fillmore. A Fabrairun 1854 ya dawo da jirage fiye da na farko, ɗauke da kyaututtuka, ciki har da ƙaramin jirgin ƙasa da wayar tangarahu. Ranar 31 ga Maris aka sa hannu kan yarjejeniyar Kanagawa, wadda ta buɗe tashoshin Shimoda da Hakodate.

Perry ya rasu a 1858, bai ga ƙarshen abin da ya soma ba. Shekara 10 bayan haka gwamnatin soja ta Shogun ta faɗi, sababbin shugabanni kuma suka duƙufa wajen koyon ilimin zamani don kada a sake yi musu dole.

To, koma ga tambayarmu ta farko. Perry bai kashe kowa a Japan ba, amma igwoginsa suna kallon gari lokacin da ake tattaunawa. Shin yardar da aka samu a gaban igwa yarda ce? Tattauna wannan da abokan karatunka.