Tsarabar Ikko A Zonkwa: Yadda Ake Sauya Wa Na'urar Wasan Yara Manhaja Ba A Kashe Ta Ba

Kowace shekara in watan Disamba ya kama, ko kuwa Salla ta ƙarato, tashoshin mota na Ikko da Badun da Fatakwal sukan cika maƙil da mutanen Arewa masu haramar gida. Cikinsu akwai 'yan kudancin Jihar Kaduna, masu sauka Kaciya da Zonkwa da Kafanchan, kowa da ƙunshin tsarabarsa. A zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, bayan Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin reluwe cikin 1927, tsarabar matafiyi ba ta wuce atamfa da gishiri ba, daga baya rediyo da agogo suka shigo. Yau kuwa abin da yaro ke roƙon ubansa ko kawunsa shi ne 'yar na'urar nan ta wasa da ake riƙewa a hannu, wadda yara ke kira gem.

Sayen na'urar ba wuya. Wahalar tana zuwa ne bayan ta isa gida, sa'ad da yaro ya gaji da wasanni biyu ko uku da ta zo da su, abokansa suka ba shi shawara ya kai a yi mata filashin. Daga nan ne kuɗin da mutum ya tara da gumin goshinsa a Kudu yakan salwanta cikin minti guda, in aikin ya faɗa hannun wanda bai san kansa ba.

ASALIN NA'URAR

Cikin na'urorin kwance da ake samu a kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja akwai PSP, ƙirar kamfanin Sony na ƙasar Japan. An fara sayar da ita a Japan ran 12 ga Disamba 2004, ta shiga Amurka da Turai cikin 2005. Iri biyar aka yi: mai lamba 1000, sai 2000 cikin 2007, sai 3000 cikin 2008, sai PSP Go cikin 2009, ta ƙarshe E1000 cikin 2011. An sayar da wajen miliyan 80 a duniya kafin kamfanin ya daina fitar da ita cikin 2014. Watau duk wadda mai karatu ya gani a kasuwa yau tsohuwa ce, ko da an goge ta tana walƙiya a cikin sabon kwali.

An ƙera ta ne ta riƙa karanta wani ɗan faifai mai suna UMD, wanda ke ɗaukar abin da bai wuce gigabait 1.8 ba. An daina buga faifan, ga shi kuma ƙurar hunturu ba ta barin idon da ke karanta shi ya daɗe. A gari irin Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf kuma mazaunin Agwam Bajju, neman wannan faifai tamkar neman allura ne cikin rairayi. Shi ya sa kowa ya koma zuba wasa a cikin memori.

MENE NE FILASHIN?

Kowace na'ura irin wannan tana da manhajar da kamfani ya dasa mata a ciki, wadda ita ce ke tashe ta in an kunna, ita ce kuma ke faɗa mata abin da za ta karɓa da abin da za ta ƙi. Manhajar Sony ba ta yarda a buga wasa ba sai wanda ke ɗauke da hatimin kamfani. To, tun cikin 2005 wasu masu sha'awar kwamfuta a ƙasashe dabam-dabam suka shiga neman kafar da za su bi su buɗe wannan ƙofa. Wanda ya fi yin suna cikinsu wani ɗan ƙasar Sipaniya ne mai laƙabin Dark_AleX, wanda ya fitar da manhajarsa mai suna OE cikin 2006, sa'an nan M33 cikin 2007. Bayansa aka yi PRO da ME da ARK. Waɗannan su ne manhajojin 'yan sa-kai, kuma sanya su a na'ura shi ne masu gyaran waya ke kira filashin, kalmar da suka aro daga sana'arsu tun bayan shigowar wayar salula Nijeriya cikin 2001.

Kamfanin Sony ya yi ta toshe kafofin, su kuwa suna buɗe wasu, har ya fitar da manhajarsa ta ƙarshe mai lamba 6.61 cikin Janairun 2015. Daga nan bai sake ba. Saboda haka aikin ya fi sauƙi yanzu fiye da da, amma fa ga wanda ya bi shi daki-daki.

YADDA AKE AIKIN

Da farko a kifa na'urar a duba lambarta. A kan samu lambar a rubuce a gindinta ko a ramin batir. Sa'an nan a kunna ta a shiga sashen bayanin na'ura a ga lambar manhajar da ke ciki. Wanda ya tsallake waɗannan abubuwa biyu ya yi gini ba harsashi.

Na biyu, a cika batir taf, a kuma bar caja a jone. Wannan shi ne babban abin lura a ƙasar Zonkwa da kewayenta, inda ba a yi wa wutar lantarki rantsuwa. In batir lafiyayye ne, ko an ɗauke wuta aikin zai ci gaba. In kuwa ya mutu, cajar ce kurum ke riƙe da na'urar, to ɗaukewar wuta ko tarin janareta ya isa ya kashe ta.

Na uku, in manhajar ciki tsohuwa ce, a ɗaga ta zuwa 6.60 ko 6.61 ta kamfani. Ana zuba fayil ɗin ne a memori, cikin jakar PSP, cikin GAME, cikin wata jaka mai suna UPDATE. PSP Go tana da nata fayil dabam, kada a haɗa. Muddin ana wannan ɗagawa ba a taɓa maɓallin kashewa, ba a zare memori.

Na huɗu, a zuba manhajar 'yan sa-kai wadda ta dace da lambar da ke ciki, a jakar GAME, a tashe ta kamar yadda ake tashin wasa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi na'urar za ta sake kunna kanta. In an koma sashen bayani aka ga sunan PRO ko ARK a gefen lambar, aiki ya yi. Su kuwa wasannin ana ajiye su ne a wata jaka mai suna ISO, a farkon memori.

Har ila yau akwai zaɓi biyu. Akwai filashin na wucin gadi, wanda ke gushewa in an kashe na'urar ɗungum ko an cire batir, sai an sake latsa wani ɗan fayil ya dawo. Akwai kuma na dindindin. Na wucin gadi ba shi da haɗari sosai. Na dindindin shi ke taɓa tushen na'urar, kuma tsohuwar hanyar yinsa ta dace ne da 1000 da 2000 na farko-farko kaɗai. Wanda ya tilasta ta a kan 3000 ya jawo wa kansa asara. Domin irin waɗannan ne aka fitar da wata manhaja mai suna Infinity, wadda ke zaunar da filashin a kan sababbin ƙirar.

IN TA ƘI TASHI

Yawancin abin da ake kai wa mai gyara da sunan lalacewa ba lalacewa ba ne. Alal misali, yaro ya wayi gari ya ga wasanninsa duk sun ɓace. Sau da yawa filashin na wucin gadi ne ya gushe don batir ya ƙare cikin dare. Latsa fayil guda ya isa, ba sai an biya kuɗin sabon aiki ba.

In na'urar ta ce fayil ya lalace, a fara tuhumar memori. Asalin memorin PSP wani dogo ne na Sony mai suna Memory Stick Pro Duo, amma yanzu akasari ana sa ƙaramin memorin waya ne cikin wani kube mai siffarsa. Jabun memori kuwa sun yi yawa a kasuwa. Za a rubuta masa gigabait 64, alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, in an zuba kaya suka wuce ainihin ƙarfinsa sai na baya su lalace. Maganinsa shi ne a cika shi da kaya a kwamfuta tun a gaban mai sayarwa, a buɗe su a gani. Bugu da ƙari, tilas a share shi a tsarin FAT32, kuma ya fi kyau a bar na'urar ta share shi da kanta.

In wasa ya fara sai gilashi ya yi baƙi, ko ya riƙa sarƙewa, akan shiga jerin zaɓin manhajar a sauya hanyar da take karanta wasa, a mai da ita kan wadda ake kira Inferno. Wasannin da aka matse don su rage cin wuri, masu ɗauke da alamar CSO, su ma sukan yi nauyin tashi. In kuwa maɓallin da'ira ne ke amsawa maimakon mai alamar gicciye, ba taɓuwa na'urar ta yi ba, 'yar Japan ce, haka suke tsara tasu, kuma ana iya juyawa.

In ta ƙi kaiwa ga fuskarta ta farko, akwai ƙofar baya. A kashe ta ɗungum, a danne maɓallin R na kafaɗar dama, a kunna. Ga wadda ke da filashin na dindindin, wani jerin gyara zai fito, inda ake kashe ƙananan manhajojin da aka ƙara mata, waɗanda galibi su ke hana ta tashi.

Mafi muni shi ne a kunna, koriyar fitila ta kama, gilashi ya tsaya baƙi, can ta mutu da kanta. Masu sana'ar sukan ce ta zama bulo. Cikin Agustan 2007 aka gano dabarar batirin Pandora, watau batirin da aka sauya wa lambar ciki har na'urar ta ɗauka tana hannun injiniyoyin kamfani ne, ta yarda a sake zuba mata manhaja daga memori. Dabarar tana ci a kan 1000 da yawancin 2000, ba ta ci a kan 3000. Sai cikin 2021 aka fitar da wata hanya mai suna Baryon Sweeper, wadda daga baya ta kai ga farfaɗo da sababbin ƙirar, amma tana bukatar kwamfuta da haɗa wayoyi da hannun gwani. Ba kowace rumfar caji ce ke da wannan ba, ko a Kafanchan ko a Kaduna.

Batir ma abin dubawa ne. Wanda ya shekara goma sha yakan kumbura har ya ture murfi. Irin wannan a cire shi nan take, a nisanta shi da wuta da hannun yara. Cajar PSP kuwa bolt 5 take bayarwa, kada a jona mata wadda ta fi haka don bakinta ya shiga.

SABABBIN SHIGOWA

Ban da PSP, akwai ƙananan na'urori 'yan ƙasar Sin irin su Anbernic da Miyoo da R36S, waɗanda ke zuwa da dubban tsofaffin wasanni. Yawancin irin waɗannan manhajarsu a kan memori take zaune, saboda haka in ta lalace sai a sake rubuta wani memorin da manhaja irin ArkOS, na'urar ta tashi. Rauninsu shi ne memorin da suke zuwa da shi ba ya ƙarko. Mai hankali yakan kwafe duk abin da ke ciki ya adana a kwamfuta tun ranar da ya saya. Akwai kuma manhajar PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fara cikin 2012, mai buga wasannin PSP a wayar Android. Wanda ɗansa ke da irin wannan waya ba lalle ne ya sayi wata na'ura ba.

DOKA DA TARBIYYA

Akwai maganar da ba a son ji, amma tilas a faɗe ta. Kwafar wasan da mutum bai saya ba cin haƙƙin masu shi ne. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin Maris 2023, ta taɓo har batun karya makullin da ake sa wa irin waɗannan kaya. Saurayin da ya mai da turin wasanni sana'a ya kamata ya san inda ya taka.

Ga iyaye kuwa, memori guda yakan ɗauki wasanni masu yawa, kuma mai turi ba ya tambayar shekarun yaro. Wasannin ƙwallo irin su FIFA da Pro Evolution Soccer ba su da aibu. Amma Grand Theft Auto da God of War an yi su ne domin manya, cike suke da kisa da abin da uba ba zai so ɗansa ya gani ba. Kakar da aka bar wa riƙon jikoki a ƙauye, ga aikin citta ga na gida, ba za ta iya tantance wannan ba. Nauyin yana kan wanda ya aika.

Saboda haka mai niyyar wannan tsaraba ya gama komai tun yana Kudu. Ya gwada na'urar a gaban mai sayarwa, ya sayi sabon batir da memori na ƙwarai, ya zauna a yi filashin a gabansa, ya zaɓi wasannin da kansa. Sa'an nan ya rubuta lambar na'urar da sunan manhajar da aka sa mata a 'yar takarda, ya cusa cikin kwali, domin duk mai gyaran da ta faɗa hannunsa a gida ya san abin da ke gabansa. Ya kuma gindaya wa yaro sharaɗi tun kafin ya miƙa masa: ba gem sai an gama aikin makaranta. Rigakafi dai ya fi magani.