Shin Ko Kun San? Sinawa da Al'adunsu a Birnin Kambirij

Shin ko kun san cewa a Kambirij, garin jami'a da ke arewa da Landan a ƙasar Ingila, akwai wani farin dutse da ya fi wasu manyan gine-ginen garin jan baƙi? Yana ajiye a bakin gada a harabar Kwalejin King's. A 2008 aka kafa shi, an sassaƙa masa baitocin farko da na ƙarshe na wata waƙar bankwana da mawaƙin ƙasar Sin Xu Zhimo ya rubuta wa garin a 1928. Waƙar tana cikin littattafan makarantun Sin, don haka Basine kan haddace sunan Kambirij tun kafin ya san inda take a taswira. Da rani za ka ga ayari bayan ayari sun yi layi, kowa na jiran a ɗauke shi hoto da dutsen, Turawan garin kuwa suna wucewa a kan kekunansu, da yawansu ba su san abin da aka rubuta ba.

Xu Zhimo bai daɗe a garin ba. Tsakanin 1921 da 1922 ya zauna, ya koma gida, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1931 yana da shekara 34. Amma ga shi yau kwalejin ta yi masa lambu na musamman da aka buɗe a 2018, ana shirya bikin waƙe da zane da sunansa, kuma mawaƙan cocin kwalejin, waɗanda duniya ke saurara duk jajibirin Kirsimeti, sun rera waƙarsa da Sinanci a faifai.

Shin ko kun san tun 1888 jami'ar ke da kujerar farfesan Sinanci? Wanda ya fara hawanta shi ne Thomas Wade, tsohon jakadan Birtaniya a Sin. Bai zo hannu rabbana ba: a 1886 ya bai wa laburaren jami'ar littattafan Sinanci mujalladi 4,304 da ya tara a zamansa can. Herbert Giles ya gaje shi a 1897, ya riƙe kujerar har 1932. Su biyun ne suka tsara hanyar rubuta Sinanci da baƙaƙen boko da masu jin Turanci suka yi amfani da ita shekaru da dama, kafin tsarin Pinyin na 1958 ya ture ta. Shi ya sa tsofaffin jaridu ke rubuta Mao Tse-tung, na yanzu kuma Mao Zedong.

A wannan laburare kuma akwai ƙasusuwan duba fiye da 600, sun haura shekara 3,000. Bokayen sarakunan daular Shang kan ƙona ƙashin sa ko ƙoƙon kunkuru, su karanta tsagewar, su rubuta tambaya da amsa a jiki. Su ne rubutun Sinanci mafi tsufa da aka sani.

Shin ko kun san mutumin da ya fi kowa sanar da Turawa tarihin kimiyyar Sin ba masanin harshe ba ne tun asali? Joseph Needham masanin sinadaran halittu ne, yana zaman zamansa a ɗakin gwaje-gwaje, sai a 1937 wasu matasan masana uku daga Sin suka zo Kambirij. Ɗaya daga cikinsu, Lu Gwei-djen, ita ta fara koya masa harshen. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi Chongqing, ya zagaye ƙasar yana kai wa jami'o'in da yaƙi ya tarwatsa kayan aiki, yana kuma kwasar tsofaffin littattafai. Da ya dawo ya ƙudura rubuta littafi guda. Kashi na farko ya fito a 1954. Da ya rasu a 1995 aikin bai ƙare ba, yanzu ya zama littattafai fiye da 20, wasu masana na ci gaba da shi. Tambayar da ta hana shi barci har yau da sunansa ake kiranta: tun da Sinawa ne suka riga kowa takarda da ɗab'i da albarushi da allurar nuna alƙibla, me ya sa kimiyyar zamani ta tsiro a Turai ba a Sin ba? An kafa cibiyar bincike da sunansa a garin, inda ake zaman karatu a ranakun Juma'a lokacin zangon karatu. A ɗauko tsohon nassi, a bi shi layi bayan layi, mai tambaya ya yi, mai gyara ya yi, kamar dai zaman karatun zaure. Needham da Lu kuwa sun yi aure a 1989, bayan rasuwar matarsa ta fari, dukansu sun haura tamanin.

Ba kowace lacca ke ƙarewa lami lafiya ba. Shin ko kun san ranar 2 ga Fabrairu 2009, Firimiyan Sin Wen Jiabao yana tsaka da jawabi a jami'ar, wani ɗalibi Bajamushe ya miƙe ya jefe shi da takalmi? Makonni kaɗan ke nan da yi wa shugaban Amurka George Bush irin haka a Bagadaza. Takalmin bai same shi ba. Wen ya ƙarasa jawabinsa, daga baya ya nemi kada a kori yaron, kotu kuma ta sallame shi a watan Yuni na shekarar.

To, fim fa? Wanda ya taɓa zama a silima a Kano ko Kaduna daren da ake nuna fim ɗin Cainis, yana kallon jarumi na tashi sama da takobi, wannan nasa ne. Marubucin da ya fi kowa shahara da irin waɗannan labarai na jaruman takobi shi ne Louis Cha na Hong Kong, wanda aka fi sani da Jin Yong. Ya rubuta labarai 15 tsakanin 1955 da 1972, an mayar da su fina-finai da wasannin talabijin ba adadi, ciki har da wanda Wong Kar-wai ya fitar a 1994 da ya ɗauko taurarinsa daga ɗaya daga cikin littattafan. A 2005 Kambirij ta ba shi digirin girmamawa. Wani da ya rataye a bango ya huta. Shi kuwa dattijon ya ce na gumi yake so, ya yi rajista a Kwalejin St John's, ya rubuta kundi a kan gadon sarauta a daular Tang, ya karɓi digirin digirgir a 2010 yana da shekara 86. Shi ma an kafa masa dutse a kwalejinsa. Idan ƙungiyar ɗalibai ta haska ɗaya daga cikin fina-finan nan a zauren kwaleji, labarin tsohon ɗalibin jami'arsu suke kallo.

Haka ma Deng Yaping, gwanar ƙwallon tebur mai lambobin zinariya 4 na Olamfik, a nan ta yi digirin digirgir a 2008.

Sabuwar shekarar Sinawa kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, daidai tsakiyar zangon karatu da tsananin sanyi, ba halin zuwa gida. Sai ƙungiyar ɗaliban Sin ta kama zaure ta shirya dare na kiɗa da rawa da wasan barkwanci. A wani lokaci na shekara kuma ana tseren kwalekwale mai kan dodo a kogin Cam don tara kuɗin taimako. Duk wannan hidima, jami'ar ba ta da Cibiyar Confucius, irin wadda gwamnatin Sin ta fara buɗewa a Seoul a 2004, wadda mu a Najeriya muke da ita a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka. Malamai da ɗalibai da masu ba da kyautar littattafai ne suka riƙe abin, shi ya sa a ganina ya yi ƙarko.

Na ƙarshe kuwa namu ne. Shin ko kun san shekara 8 kacal bayan kafa kujerar Sinanci, a 1896, wannan jami'a ta naɗa malamin Hausa? Charles Henry Robinson ne, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894 yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami, kuma maɗaba'ar jami'ar ce ta buga ƙamusunsa a 1899 da 1900. Kusan tare aka fara. Yau Sinanci na da farfesa da cibiya da lambu da biki a Kambirij, Hausa kuwa ba a ba da digirinta a can. 'Yan uwa ɗalibai da ke garin, zauren kwaleji ba ya wuyar samu: ku nemi dare guda, ku haska musu fim ɗin Hausa, ku gayyato mai lacca.