Gadar Nukkai da Kuɗin Baitulmali

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa wai Gwamnati kamar magidanci take, in samu ya ragu sai ta tsuke bakin aljihu. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta cika daidai ba, kuma ya kamata kowane ɗan ƙasa ya san dalili.

A Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, akwai gada a Nukkai, bisa hanyar da ta nufi Mutum Biyu da Wukari. A damunar 2005 ruwa ya yi ambaliya, gadar ta karye, mutane da yawa suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bayan makoki kuma sai ga wata hasarar, domin hanyar da doya da shinkafa ke bi su shigo gari ta yanke. Ba wani attajiri, kome arzikinsa, da zai gina irin wannan gada shi kaɗai, tun da amfaninta na kowa ne. Aikin baitulmali ne.

Kuɗin irin wannan aiki kuwa ba su tsayawa a jikin siminti. Wani masani ɗan Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana haka cikin littafinsa na 1936, lokacin da ciniki ya mutu a Turai da Amurka, miliyoyin mutane suka rasa aikin yi. Abin da ya nuna shi ne, kuɗin da wani ya kashe su ne samun wani. In an biya lebura naira 100, zai kai wa mai hatsi, mai hatsi ya biya direba, direba ya biya makaniki. A misali, in kowa yana kashe kashi 4 cikin 5 na abin da ya shiga hannunsa, naira 100 ɗin nan za ta haifar da ciniki na naira 500 kafin ta lafa. Saboda haka in kasuwa ta yi sanyi, jama'a suka rage saye, ita ma Gwamnati ta rage, to, an ƙara wa mara lafiya ciwo ke nan. A irin wannan lokaci masu ra'ayin Keynes suna ganin ko bashi ta ci domin ta yi aiki, ba laifi.

Amma fa akwai iyaka, kuma mu a Nijeriya mun ɗanɗana. Bayan rahoton Udoji na 1974 an ƙara wa ma'aikata albashi, har da ariyas. Kuɗi suka cika hannu, kaya ba su ƙaru ba, sai farashi ya tashi da fiye da kashi 30 cikin 100 a 1975. A shekarar ce kuma jiragen ruwa ɗauke da siminti suka yi cincirindo a gaɓar Legas, wata da watanni ba a sauke ba. Kuɗin da suka tafi sayen kayan waje, cinikin da za su haifar can ya tsaya, bai zo Nukkai ba. Da man fetur ya faɗi aka shiga shirin SAP a 1986, sai aka koma tsumulmula, makarantu da asibitoci suka ji a jikinsu.

Watau ba yawan kuɗin kaɗai ake dubawa ba, har da inda suka nufa. Kasafin kuɗi kashi biyu ne: na yau da kullum, kamar albashi, da na manyan ayyuka, kamar hanya, gada da madatsar ruwa. Kowace shekara akan gabatar da shi gaban Majalisa kafin a kashe ko kwabo. Mutumin Nukkai yana da ikon tambayar wakilinsa nawa aka ware don gyaran hanya da gada, nawa aka saki, kuma wane ne aka ba kwangilar.