Kafin A Gwada Sabon Magani A Jikin Ɗanka

A shekarar 1996 sanƙarau ya yi wa Arewa mummunar ɓarna, ya kashe mutane sama da 10,000. Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse. Ana cikin wannan hali ne likitocin kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka da sabon magani mai suna Trovan, wanda hukumar magunguna ta ƙasarsu ba ta riga ta amince da shi ba. Suka ɗauki yara 200, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar ceftriaxone, ita ma ba cikakken awo ba. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu. Wasu suka kurmance, wasu gaɓoɓinsu suka shanye.

Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi kisan, ba maganinsa ba. To, a bar wannan, ba nan gizo ke saƙar ba. Iyaye sun ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi, babu kuma wanda ya nuna musu cewa a harabar asibitin nan likitocin ƙungiyar MSF na bayar da sanannen magani kyauta. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi bayani kuma iyaye sun yarda da baki. Uwar da ke rungume da ɗan da wuyansa ya sanƙare, wa zai kawo mata magani ta tsaya tambaya?

Dalilin kafa kwamitin ɗa'a ke nan. Aikinsa ya duba tsarin gwajin tun kafin a taɓa kowa: an auna haɗari da amfani? Za a yi bayani da harshen da mutum ke ji? Wanda ya ƙi, za a ci gaba da duba shi? Ba wai an haramta wa likita sabon magani ba ne. Yarjejeniyar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964, ta yarda ya gwada idan sanannun magunguna sun gaza, da sharaɗin shawarar masana, da yardar maras lafiya, da rubuta duk abin da ya biyo baya.

A Kano fa? An nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'a mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1996. Daga baya ta bayyana cewa bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan wata baya, kuma a lokacin kwamitin ma babu shi. A ganina wannan takarda ta fi komai muni a labarin, domin hannun namu ne ya rubuta ta.

A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, Trovan na cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa.

Yanzu Nijeriya na da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, kuma gwajin magani sai da izinin NAFDAC. Duk da haka, mai karatu, ranar da likita ya ce maka akwai wani sabon magani, ka tambaye shi ko gwaji ne, wa ya ba da izini, kuma in ka ƙi me za a ba ka. Ka nemi amsar da Hausa.