Sabunta Babbar Manhajar Kwamfuta ko Riƙe Tsohuwa, da Yadda Ya Shafi Rubutun Hausa

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a 2015. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta ɗungum, sauran manhajoji kuwa a kanta suke hawa su yi aiki. Janye kulawa ba ya hana na'ura tashi. Abin da ke yankewa shi ne facin da kamfani kan aiko wata-wata don toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi, sai fa ga wanda ya nemi ƙarin wa'adi. Wannan ya sake ta da tsohuwar gardama: a sabunta, ko a zauna kan abin da aka saba?

Masu cewa a sabunta suna kafa hujja da abin da ya auku a watan Mayu na 2017, sa'ad da muguwar manhajar nan WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 100, tana kulle bayanan mutane tana neman fansa. Asibitocin gwamnati na Ingila sun sha wuya ƙwarai, har aka riƙa mai da marasa lafiya gida. Alhali tun watan Maris na wannan shekarar facin ya fito, na'urorin da aka shiga ba a sa musu shi ba ne. Lalle wannan hujja ce mai ƙarfi ga duk na'urar da ke haɗe da intanet.

Masu riƙe tsohuwa su ma ba taurin kai kaɗai ke hana su ba. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta yarda ta hau na'ura sai mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibin na'urorin da aka ƙera kafin 2017 ta ƙi su. Watau kwamfuta lafiyayya, wadda ke buga takardun jarrabawa ba gargada, an wayi gari an ce ta tsufa. Ga malamin kwaleji wanda tasa ta hannu ce, ya tara albashi ya saya, sabuntawa sayen wata ce sukutum. Waɗansu kan kauce su sa Linux, wadda kyauta ce kuma tana tafiya a tsohuwar na'ura, amma sai an sake koyo.

To, akwai wani gefe da ya shafi masu nazarin Hausa musamman, wanda ba a cika ambata ba. Tsarin Unicode, tun fitowarsa a 1991, ya ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu na kansu. Amma har zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, salon haruffan da kowa ke aiki da su, irin su Times New Roman, ba su ɗauke da haruffa masu lanƙwasa. Sai masu buga Hausa suka yi dabara: aka ƙera salon haruffa na musamman, aka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, waɗansu kuma a gurbin alamomin baka. Ido yana ganin ƙ, na'ura kuwa q ta ajiye. Da wannan dabara aka buga kundayen digiri da muƙalu da littattafai masu yawan gaske.

Muddin tsohuwar na'ura na nan da salon haruffanta, kome yana tafiya daidai. Ranar da aka kai fayil sabuwa, sai “ƙasa” ta koma “qasa”, “ɗaya” ta koma “xaya”. Ashe malamin da ya ƙi rabuwa da tsohuwar kwamfutarsa sau da yawa aikinsa na shekaru yake tsaro, ko da bai iya faɗin dalili ba. Sai dai tsaron ba mai ɗorewa ba ne, gama faifan ajiya yakan mutu ba sallama, kuma rubutun da ke cikin wannan siffa ba ya nemuwa: wanda ya nemi “ƙasa” ba zai same ta ba.

Saboda haka tambayar da ta fi kamata a fara yi ita ce wace siffa rubutun yake ciki, kafin a zo ga shekarun na'ura. Tsohuwar kwamfuta tana iya ci gaba da aiki idan an raba ta da intanet, ta zama wurin buɗe tsofaffin fayiloli. Daga nan a kwafe su waje 2, sa'an nan a mai da haruffan zuwa Unicode. Wannan mataki yana son hattara. Wanda ya umarci na'ura ta sauya kowace x da v gaba ɗaya, zai tarar a jerin manazarta Oxford ta zama “Oɗford”, University ta zama “Uniɓersity”, kuma irin wannan ɓarna ta riga ta shiga muƙalu da dama da aka buga. Gara a ware sassan Turanci tukuna, a sauya na Hausa, a bi shafi-shafi da ido ana gwadawa da bugun takarda.